Zan tafi SIWES ban ƙware a Revit ba, shin fensirina ya tashi aiki ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne a aji uku, wata mai zuwa zan fara SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, na wata shida. Hannuna ya faɗa da zanen fensir, manhajar zane ta AutoCAD kuma ina taɓawa, amma Revit da Lumion, manhajojin da ke fitar da gini a 3D, kwamfutata ba ta iya ɗaukarsu. Abokaina sun ce zanen hannu ya mutu, wasunsu har sun fara sayar wa mutane filan gida da hoton 3D suna samun kuɗi. Gaskiya hankalina a tashe yake. Ofishin da zan je za su ɗauke ni da daraja kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka. Babu ofishin kirki da ke tsammanin ɗan aji uku ya zo masa a gwani. AutoCAD ɗin da kake taɓawa ya isa ka shiga ƙofa, Revit kuwa ka zauna kusa da wanda ya iya, a kwamfutar ofis, wata biyu sun ishe ka ka kama hanya. Dole ka koya, domin takardun da ake kai wa hukumar tsara birane yanzu duk daga kwamfuta suke fitowa.

Fensir kuma yana nan da aikinsa. Ranar da aka tura ka wurin gini, birkila ya tare ka yana tambayar yadda matakala za ta haɗu da dekin, ba za ka ce ya jira ka kunna kwamfuta ba. Bayan buhun siminti za ka juya ka zana masa, ko ka ɗauki gawayi ka zana a jikin bulo. Haka in Alhaji ya zauna gabanka yana cewa yana son baƙo ya shiga falonsa ba tare da ya hangi tsakar gida ba, a minti biyar za ka zana masa hanya uku ya zaɓa. Ka riƙe ƙaramin littafi da tef ɗin awo a aljihu. Littafin rahoton SIWES ma yana da gurbin zane, ka cika shi da abin da idonka ya gani a fili, kada ka bi sahun masu zama a gida wata shida su dawo da hatimin da suka roƙo.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato abokan nan naka masu sayar da filan. Kusan kullum sai irin aikinsu ya zo teburina, kuma na gaji. Mutane sun ɗauka duk abin da ya fito daga kwamfuta da kyau, ga ciyawa kore shar ga mota a ƙofar gida, to zai ginu kuma zai tsaya. Ƙarya ce. Lumion bai san nauyi ba. Za ka iya rataye baranda mai mita huɗu a iska babu ginshiƙi, hoton ya fito tsaf, manhajar ba za ta ce maka uffan ba.

Kwanaki wani bawan Allah ya kawo mini takardun gidan bene da wani yaro ya yi masa. Bangon sama bai hau kan na ƙasa ba, a tsakiyar falo ya sauka, kuma babu bim a ƙarƙashinsa. Bulo mai inci tara aka rubuta, amma kaurin bangon a zane na mai inci shida ne, don haka duk ɗakunan sun fi abin da za a samu a fili faɗi. Manyan tagogin gilashi duk suna kallon yamma, a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Abin da ya sa na ajiye biro na riƙe kai shi ne shafin rodi: daga takardun wani gini dabam aka kwafo shi, har sunan unguwar can ba a goge ba. Ƙasar can ba ta nan ba ce, tazarar ginshiƙan ba ɗaya ba ce, amma an liƙa an karɓi kuɗi.

Lissafin rodi da tushe aikin injiniya ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Sa hannu a zanen gini kuma na akitek ne mai rajista da ARCON, hukumar masu zanen gine-gine da dokar 1969 ta kafa. Ɗalibi ba ya cikin ko ɗaya, komai iya Revit ɗinsa. Kowa ya ji labarin benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, amma gida mai hawa ɗaya ma in ya zauna a kan iyali, makoki ɗaya ne. Kuma wallahi masu ginin suna da nasu laifin: mutum zai kashe miliyoyi a tayil da fenti, kuɗin zane ne kawai yake gani asara, sai ya nemi yaron maƙwabci.

In kana kusa da Zariya, ka ware rana ka je tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830. Ka nemi izini, ka zauna ka zana bakan gizon nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, da hannunka, kana bin yadda nauyin rufi ke gangarowa har ƙasa. Sai ka koma ofis ka ɗora shi a AutoCAD da awon da ka ɗauka. A satinka na farko kuma ka roƙi ogan ofis ya riƙa tafiya da kai wurin gini ranar zuba dekin, ka ga rodin da idonka kafin kankare ya rufe shi.