Amsa ga ɗan'uwan da likita ya sa mahaifinsa zane a allon kwamfuta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce hannunsa na karkarwa, likita ya sa shi zana wani abu kamar maganin sauro na naɗi a allon kwamfuta, ya kuma rubuta jimla guda. Kana tambaya ko gwajin gaske ne, kuma ko manhajar waya za ta iya gaya muku in Parkinson ce, wato cutar ƙwaƙwalwa da ke kawo karkarwa da nauyin jiki. Shekarata tara ina wannan zanen, don haka ina da ta cewa.

Ni malamin lissafi ne, kuma alli ne ya fara tona min asiri. In ja layi a allo ya fito kamar haƙoran zarto, yara na dariya ƙasa-ƙasa. Sai kofin shayi ya biyo baya, har na koma cika shi rabi. Amma da na ɗora hannu a cinya, tsit. Abin da likita ya fara tambayata ke nan. Karkarwar Parkinson galibi tana zuwa ne hannu na hutawa, sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, ta lafa in mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu. Tawa irin wadda ke tashi lokacin aiki ce, takan bi jini a gida, mahaifiyata ma da ita ta tsufa.

Gwajin ba sabo ba ne. Da biro da takarda aka saba yi, likita ya duba da ido ya ba da maki. Tun 1993 Bain da Findley suka fitar da ma'aunin 0 zuwa 10 a Ingila don wannan zanen. Matsalar ido ita ce likita biyu sai su ba zane ɗaya maki daban, kuma ƙaramin sauƙi yakan wuce shi. Shi kuwa allon yana ɗaukar inda bakin alƙalami yake fiye da sau 100 a daƙiƙa, da saurinsa, da yadda ka danna shi. Kwamfuta ta cire asalin naɗin, abin da ya rage shi ne rawar hannun zalla: sau nawa a daƙiƙa, milimita nawa faɗinta. Seth Pullman na Jami'ar Columbia a Amurka yana cikin waɗanda suka tsara wannan hanya, a 1998.

Jimlar da aka sa Baba ya rubuta ma da dalili. Mai Parkinson yakan fara da manyan haruffa, suna ƙanƙancewa har ƙarshen layi ya zama kamar sahun tururuwa. Nawa rubutun bai ragu ba, tsalle-tsalle kawai yake.

Yanzu ga inda na yi wauta. Bayan an ɗora ni a kan propranolol, maganin da aka ba ni don rage karkarwar, ranar da zan koma awon zanen, na kwana ina makin jarrabawa, na kora shayi mai kauri, na bi da goro biyu a hanya. Kwamfuta ta nuna hannun ya fi da lalacewa. Saura kaɗan a ƙara min magani, sai wata nas ta kalli bakina ta ce, "Malam, goro nawa yau?" Aka sake min rana, na zo ban sha komai ba, sakamako ya sauko sosai. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, hannun wannan safiyar ta auna. Rashin barci, fargaba, maganin shaƙa na masu asma da matsalar maƙoƙo duk suna ƙara karkarwa. Haka in ka jingina tsintsiyar hannu a tebur, ka ɓoye rabin ciwon. Shi propranolol ɗin ma kada a saya wa Baba don an ji ya yi min aiki, yana da haɗari ga mai asma.

Maganar manhaja, a ganina kada ku ba ta hukunci. Zane da yatsa a gilashin waya daban yake da riƙe alƙalami, kuma Parkinson ba a hannu kaɗai ake gane ta ba. Sai likitan jijiya ya ga nauyin jiki wajen motsi, sandarewar gaɓoɓi, da ko hannu na lilo in ana tafiya. Amfanin allon a wurina shi ne kwatanta bara da bana, kafin magani da bayansa.

Wannan kuwa ko a gida za ku iya. Sau ɗaya a mako, da safe kafin shayi, Baba ya zana naɗin da dama da hagu, biro ɗaya, hannu a sama, ku rubuta kwanan wata a ƙasa. In akwai tsohon littafin da yake rubuta lissafinsa, ku tafi da shi asibiti, likita zai so ganin rubutun da.

Ka kuma lura min da abu ɗaya ka dawo ka faɗa mana: in Baba na zaune yana sauraron rediyo, babban yatsansa da manuniya suna murzawa kamar mai jan carbi alhali babu carbi a hannun? In haka ne, shi za ka fara gaya wa likita.