Sai na yi gwajin tarin fuka kafin a ba ni allurar amosani?

Tambaya: Likita, na daɗe ina fama da amosanin gaɓɓai, da safe ko carbi ba na iya ja. Methotrexate bai yi mini ba, aka ce za a ɗora ni kan allurar Humira, amma wai sai na yi gwajin tarin fuka. Ni ko tari ba na yi. Wata maƙwabciyata a nan Jidda ta ce jan rai ne kawai, za ta samo mini allurar. In karɓa?

Amsa: Kada ki karɓa, Hajiya. Wannan "ni ba na tari" ta ishe mu, kullum sai mun ji ta. Ƙwayar tarin fuka tana iya kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru ba tari, ba zazzaɓi, domin garkuwar jiki ta gina mata katanga ta tsare ta. Wani sinadari na garkuwar jiki da ake kira TNF ne ke riƙe da katangar, shi ne kuma Humira ke toshewa don kumburin gaɓɓai ya sauka. Kin ga da an fara allurar, an buɗe wa ƙwayar ƙofa. Kuma idan ta farka, sau da yawa ba huhu kaɗai take kamawa ba, har ƙashin baya da ƙwaƙwalwa takan je, a yi ta neman ciwo a rasa. Wanda ya taso a Najeriya ko Nijar ko Sudan, ko yake shiga cunkoson Harami, da wuya ya rantse bai taɓa shaƙarta ba. Maƙwabciyar nan da ke rabon allura kamar dabino, ita za ta yi jinyarki?

Gwajin jini ne ko na fata, da hoton ƙirji, a haɗa da na ciwon hanta nau'in B da C. In an ga ƙwayar, a fara maganinta, galibi bayan wata guda a soma allurar.

Ma'aunin Humira miligiram 40 ne a ƙarƙashin fata duk mako biyu, kuma yawanci ba a daina methotrexate. A firji ake ajiye ta, digiri 2 zuwa 8, ban da firiza, ban da barin ta a mota cikin zafin Jidda. Ki ba ta wata uku kafin ki ce ba ta aiki. Ranar da zazzaɓi ya kama ki, ki dakata da allurar, ki kira likitanki. Rigakafin shawara ma kada ki yi sai kin tambaye shi, domin ƙwayar cikinsa mai rai ce.