Tambayoyinku kan Kwamfuta: Kalmar sirri kaɗai ba ta kulle faifai

Tambaya: Malam, idan na buɗe shafin sirri na Chrome, wato Incognito, shin kamfanin da ke ba ni intanet ba zai ga inda na shiga ba?

Amsa: Zai ga sunayen shafukan da ka ziyarta, haka ma mai kula da intanet ɗin ofishinku idan a can kake. Aikin Incognito shi ne hana burauza adana tarihin yawonka a cikin kwamfutar bayan ka rufe tagar. Duk fayil ɗin da ka sauke yana nan zaune a jakar Downloads yana jiran mai dubawa.

Tambaya: Malam, kwamfutata ta tebur ta daina tashi, sai na kai ta wurin mai gyara. Da na je karɓa ya miƙo mini filash, ya ce ya kwafe mini hotunana da takarduna don kada su ɓace. Na gode masa, amma hankalina bai kwanta ba, domin ban ba shi kalmar sirrina ba, kuma mai wuya ce ƙwarai. Ta ina ya shiga?

Amsa: Hajiya, bai shiga ta ƙofa ba, domin bai ma buƙaci ƙofar ba. Wannan tambaya ta fi kowace ci mini tuwo a ƙwarya, saboda mutane masu ilimi da natsuwa suna ɗauka cewa allon da ke tambayarsu kalmar sirri shi ne ke gadin fayilolinsu. Allon nan na Windows ne, kuma yana aiki ne kawai idan Windows ɗin ne ya tashi. Fayilolin kuwa suna kwance a kan faifan ajiya a rubuce ɓaro-ɓaro, kamar wasiƙar da ba a liƙe ambulan ɗinta ba. Mai gyara zai kwance sukurori biyu ko huɗu, ya zaro faifan, ya jona shi da wata kwamfutar, sai ya bayyana masa kamar filash. Ko kuma ya tashi kwamfutarki daga filash mai ɗauke da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, ya buɗe jakar Users, ya ga sunanki, ya ga hotunanki. Ba kutse ba ne, kuma ba sai gwani ba. Yaron shago da ya yi wata guda yana koyo zai iya. Kin yi sa'a kin gamu da mai amana har ya gaya miki.

Maganin abin shi ne kulle faifan kansa, ta yadda za a hargitsa duk abin da ke kansa da lissafi, ya zama tarkacen da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. A Windows sunan wannan kulle BitLocker, kuma yana cikin nau'ikan Pro da Enterprise da Education. Masu nau'in Home su duba Settings, su nemi Device encryption. Idan na'urar ta cika sharuɗɗa za su same shi. A kwamfutar Apple sunansa FileVault. A Linux, irin su Ubuntu da Mint, ana ba ki zaɓin kulle faifai tun lokacin da ake girka manhajar, kuma abin takaici shi ne yawancin mutane suna tsallake wannan akwatin saboda gaggawa. Wanda kwamfutarsa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya sauke VeraCrypt, kyauta ce, ya keɓe ma'aji guda ya zuba muhimman takardunsa a ciki.

Bayan an kulle faifan ne kalmar sirrinki mai wuya za ta fara yin aikin da kike zato tana yi tun farko, domin wanda ya zaro faifan ya kai shi wani wuri ba zai ga komai ba sai buƙatar mabuɗi.

Amma ki saurari wannan gargaɗi da kyau. BitLocker zai ba ki mabuɗin ceto mai lambobi 48. Ranar da aka sauya babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ko aka taɓa wasu saituna na BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, shuɗin allo zai fito ya nemi waɗannan lambobi, kuma idan babu su, hotunan sun tafi ke nan har abada. Microsoft da kansa ba zai iya ƙirƙiro miki wani mabuɗin ba. Idan da asusun Microsoft kike shiga, galibi ana adana kwafinsa a can, sai ki leƙa ki tabbatar yau ba gobe ba. Ni dai al'adata ita ce in buga shi a takarda in ajiye tare da takardun shaidar karatu, kuma ita nake kwaɗaita wa kowa. Na taɓa ganin wanda ya adana mabuɗin cetonsa a cikin faifan da ya kulle, wato ya kulle ɗaki ya jefa makullin ciki ta taga, sannan ya zo yana neman taimako da idanu jajir.

Haka batun yake ga mai shirin sayar da kwamfuta ko kyautar da ita. Goge fayil, ko da an zubar da Recycle Bin, ba ya nufin ya ɓace, musamman a tsohon faifai mai juyawa, inda ake share sunan fayil ɗin kawai daga jerin sunaye a bar gangar jikinsa har sai an rubuta wani abu a kansa. Manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna dawo da irin waɗannan fayiloli. A yi amfani da Reset this PC, a zaɓi cire komai, sannan a kunna zaɓin tsabtace faifan. Yana iya ɗaukar sa'o'i, a bar shi ya gama.

Idan kuma gyara ne na abin da bai shafi faifai ba, kamar fanka ko akwatin wuta, babu abin da ya hana ki ce a zaro miki faifan ki riƙe shi a jakarki.

Tambaya: An ce Windows yana aika bayananmu ga Microsoft. Ana iya hana shi?

Amsa: Ana iya ragewa. Ka shiga Privacy & security a cikin Settings, ka kashe lambar talla, wato lambar da ake gane ka da ita don nuna maka tallace-tallace, ka kashe bayanan bincike na zaɓi, sannan ka duba manhajojin da ka bai wa izinin kyamara da makirufo da sanin inda kake. Akwai kason da Microsoft ke kira na dole, wanda nau'ikan Home da Pro ba sa ba da damar kashewa. Wanda wannan ya dama, Linux Mint na nan, kuma ni shi nake ɗora wa tsofaffin kwamfutoci.

Tambaya: Har yanzu Windows 10 nake amfani da shi, kuma lafiya lau yake. Dole ne in sauya?

Amsa: Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba shi a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Idan ba ka cikin shirin ƙarin gyaran tsaro na Microsoft, duk ɓarakar da aka gano ba za a toshe maka ita ba. Ka koma Windows 11 idan kwamfutarka tana da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar, da sauran sharuɗɗa, in ba haka ba ka duba batun Linux Mint a amsar da ke sama. Kada ka sauke manhajar fasa lasisi daga shafukan da ba ka sani ba, domin sau da yawa a cikinsu ake cusa manhajojin satar kalmomin sirri.

Tambaya: Ni da ƙannena muna amfani da kwamfuta ɗaya, kuma suna karanta mini saƙonnin WhatsApp.

Amsa: Ba laifinsu ba ne kaɗai, kai ma ka bar tukunya a buɗe. Ka buɗe wa kowannensu asusunsa marar ikon shugaba, naka ya zama shi kaɗai ne mai wannan iko. Duk lokacin da za ka tashi, ko da ruwa za ka sha, ka danna maɓallin Windows tare da harafin L.