In zuba jarina a bishiyar kotoniyasta?

Tambaya: Ina sayar da fulawa da dashen itatuwa a bakin titi a Abuja. Wata Hajiya da ta dawo daga Ingila ta nuna mini hoton wata ƙaramar bishiya mai suna kotoniyasta, rassanta sun zubo har ƙasa ɗauke da jajayen 'ya'ya. Ta ce in na samo za ta sayi 10. Ina da naira miliyan 2 a ajiye. In yi odar 50, in sayar wa wasu ragowar?

Amsa: Malam, ka bar kuɗin nan inda suke tukuna.

Bishiyar da ka gani a hoto ba haka Allah ya halicce ta ba. Kotoniyasta dangin tuffa ce, asalin yawancin ire-irenta tsaunukan Himalaya da ƙasar Sin. Wannan irin, in an ƙyale shi, shimfiɗuwa yake yi a ƙasa. Masu lambu a Turai su ke yi masa aure a kan miƙaƙƙen kara, kamar dai yadda kake yi wa mangwaro, sai rassan su zubo kamar lema, tsayinta ya tsaya wajen mita 2. Tana fitar da fararen furanni a farkon lokacin zafinsu, 'ya'yan su yi ja in sanyi ya gabato. Wannan jan da ya ɗauki hankalin Hajiya, yanayin can ne ke kawo shi. Zafin Abuja na watan Maris ba zai raga mata ba, kuma ko ta rayu ba ni da tabbacin da zan ba ka cewa za ta yi 'ya'ya. Ranar da ta bushe a gidan mutane, sunanka ne zai ɓaci, ba na wanda ya sayar maka a Ingila ba.

Ga kuma hanya. Da fam za ka saya, da naira za ka sayar. Shuka mai rai ba ta shigowa sai da izinin hukumar NAQS, mai sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi Najeriya, da takardar shaidar lafiyarta daga can, sannan kuɗin jirgi, sannan waɗanda za su mutu kafin su iso. Tana kuma kamuwa da wata cuta da ke sa ganye ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, cutar da ke kama tuffa. Mutum ɗaya ya yi maka alkawarin 10 da baki, ba kafin alƙalami. Sauran 40 ɗin babu mai su.

Ni a ganina, abin da Hajiya ke so siffa ce: kara ɗaya tsaye, kai mai zubowa, launi mai ɗaukar ido, wadda ba za ta cinye fili ko ta fasa katanga ba. Wannan kuwa yana hannunka. Ɗauki bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, wadda ta saba da ranarmu. Zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi, ka kafa masa sanda ka ɗaure, ka riƙa cire duk tohon da ya fito a jikin karan har ya kai ƙirjinka, sannan ka tsinke kansa ya yi rassa su sauko. Aikin zai ci shekara 1 zuwa 2, amma jarinsa tukunya ce da taki da ruwa, kuma abin da aka sarrafa haka ba a yi masa farashin dashen leda. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu lambunmu dashe iri ɗaya suke jerawa, suna karya wa juna farashi, alhali sun iya aure da aski.

Fara da bogenbiliya 20. Idan Hajiya ta dage sai kotoniyasta, faɗa mata gaskiyar yanayin, ta biya kuɗin gaba ɗaya kafin oda, a rubuce cewa asarar tata ce. In kuma kai ne kake son gwaji, 2 ko 3 sun isa, ka kai su wurin wani abokin sana'a a Jos, inda tudu ya kai mita 1,200, su shekara a can ka gani.