Dodon koɗi, katantanwa da tafiyar da ba tamu ba

Ruwa ya sauka a Kumasi, masu sayar da nwa, wato dodon koɗi a bakin mutanen Asante, sun jera kwanduna a kasuwar Kejetia, sai ga tambayoyin wannan mako duk sun nufi wuri guda kamar an haɗa baki.

Wata Hajiya daga Aboabo ta ce: Malam, maƙwabciyata tana cewa katantanwa, ni kuma dodon koɗi na sani. Wa ke da gaskiya?

Hajiya, ku raba gaskiyar biyu. Koɗi shi ne kwanson, dodon koɗi kuwa mai gidan da ke ciki, wanda ke leƙowa ya koma kamar dodon da ake tsorata yara da shi. Katantanwa da alkoto asalinsu sunan kwanson ne, musamman wanda ba kowa a ciki, wanda yara ke gyarawa su murza a ƙasa ya yi ta juyi. Daga wasan nan muka sami "yana ta katantanwa a tsakar gida", wato ya rasa inda zai sa kansa. Yau mutane da yawa suna kiran dabbar kanta katantanwa, na kuma daina faɗa a kan haka. Amma ki lura, duk sunayen nan daga kwanso suka taso. Bahaushe kwanson ya fi sani, yana tsintarsa a gona da rani. Mutumin Asante naman ya sani, a cikin miya, shi ya sa bai tsaya a nwa ba, har ya ware babban ya ce nwapa. Af, katantanwa "ta" ce, dodon koɗi "ya". Na san Hausarmu ta zango ta daɗe da sallamar wannan bambanci, amma in za a rubuta a rubuta daidai.

Wani ɗalibi daga Asawase: malaminmu na kimiyya ya ce kuskure ne a kira shi ƙwaro.

Ɗana, malaminka ya yi daidai a ajinsa, kakarka ma ta yi daidai a ɗakinta. Ƙwaro a bakin Bahaushe babban buhu ne, duk ƙaramin abin da ke rarrafe ana jefa shi ciki. Masana kuwa sun keɓe sunan ga masu ƙafa shida, sun kai dodon koɗi dangin masu taushin jiki marasa ƙashi, tare da kawa. A cikin dangin, rukuninsa shi ne Gastropoda, sunan da Cuvier na Faransa ya raɗa a ƙarshen ƙarni na 18 daga kalmomin Girkanci biyu, ciki da ƙafa. Wato mai tafiya da ciki. Da Bahaushe aka ba wa aikin da bai wuce "mai jan ciki" ba, kuma da ba a yi asarar komai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunan babban nan mai zane kamar damisa. Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin suna biyu, na zuriya da na yanka, ya rubuta shi a 1758 da sunan Bulla achatina. A 1799 Lamarck ya buɗe zuriyar Achatina, abin ya zama Achatina achatina. Kalmar daga sunan dutsen ado mai zane-zane take, wanda Larabawa ke kira aƙiƙ. Ka gani? Su ma kwanson suka duba, kamar yaran da ke murza alkoto. In ka je kasuwa ka dubi tsinin kwanso. Mai tsini sosai Achatina ne, yana zuba ƙananan ƙwai ɗaruruwa. Mai dakusasshen kai Archachatina ne, ƙwansa manya ne kuma kaɗan. Akwai na uku, fulica, baƙo daga gabashin Afirka wanda ya bazu ƙasashe masu zafi yana ɓarna a lambuna. Yanzu masana da yawa sun sauya masa zuriya suna ce masa Lissachatina, don su ma ba su gama gardamarsu ba.

Wani daga Tafo: mene ne jam'insa?

Dodannin koɗi. Dodon ake tarawa, ba koɗin ba.

Wata malamar makaranta daga Sawaba: yara suna cewa yana da ƙaho biyu, na bar su?

Malama, ki bar musu kalmar, ki gyara musu lissafin. Huɗu ne. Dogayen biyu na sama a kansu idanu suke, gajerun biyu na ƙasa da su yake shinshina da laluben hanya. Ba ƙaho ba ne irin na sa, tunda yana zuƙe su ciki kamar an juya safa, amma ban ga kalmar da ta fi ta zama a bakin yaro ba. Ki nuna musu ƙaramar kafar da ke buɗewa tana rufewa a gefen dama, a bakin kwanso. Ta nan yake numfashi, don na tudu huhu gare shi. A bakinsa akwai harshe mai ƙananan haƙora dubbai, da shi yake kankare ganye kamar magagari. In kuma wani sarkin tambaya ya ce namiji ne ko mace, ki ce duka biyun, kowane ɗaya yana ɗauke da kayan maza da na mata, ko da yake galibi sai sun haɗu biyu. Da hunturu yakan shige ciki ya liƙe ƙofa da busasshiyar majina har ruwa ya dawo, shi ya sa yake tsada a lokacin.

Wani mai sauraron rediyo daga Alabar: na ji an ce aikin titi yana "tafiyar katantanwa". Karin magana ce?

A'a, Turanci ne ya sa babbar riga. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mai fassara ya ga Bature ya kwatanta jinkiri da wannan dabba, sai ya kwaso maganar ɗungurungum, ya manta cewa muna da tamu: tafiyar hawainiya. Dubi yadda hawainiya ke ɗaga ƙafa, ta yi gaba ta yi baya kamar mai shawara, sannan ta ajiye. Wannan ai shi ne ɗan kwangila sak. Abin haushin ma, katantanwa a kunnen Bahaushe juyi take nufi, juyi mai sauri kuwa. Wanda ya ce aiki yana tafiyar katantanwa, ni abin da na ji shi ne aikin yana zagaye wuri guda. Wataƙila dai ya faɗi gaskiyar titin ba da niyya ba.

Wani Alhaji daga Sabon Zango: halal ne?

Alhaji, wannan ta malaman fiƙihu ce. Ni kalmomi nake kiwo.

Wani matashi daga Asokore Mampong: koɗi da kuɗi ba kalma ɗaya ba ce?

Kama da wane ba wane ba ne. Kuɗi jam'in wuri ne, tun zamanin da ake ciniki da wuri. Sai dai ka taɓo wani abu ba ka sani ba: wuri kansa kwanson wani dodon koɗi ne na teku, wanda aka riƙa kawowa daga tsibiran Maldib. Sidin da ke aljihunka ma, kuɗinmu na Ghana wanda aka fara kashewa a 1965, daga sunan wuri a harshen Akan ya samo nasa. Ka dai riƙa furta ɗ ɗin nan da kyau a duka biyun.