Amsa ga ɗan'uwa mai neman rediyon Nissan Leaf na hannu

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa allon rediyon motarka mai aiki da lantarki, Leaf ta 2013, ya mutu, kana neman na hannu, har kana tambaya ko na wata Nissan zai shiga. Wallahi sai da raina ya sosu, don wahalar da na sha ke nan da tawa. Allah ya yaye maka.

Don Allah kada ka sayi na wata Nissan, ko da mai kaya ya rantse maka cewa girmansu ɗaya. A wannan motar allon nan yana riƙe da abubuwa da yawa: nan kake saita lokacin caji, nan bayanan esi suke fitowa, nan kamarar ribas take, nan kake ganin abin da ke shan batir. Idan taka mai ƙaramin aji ce, wato S, da sauƙi, don rediyonta ba ya ɗauke da wannan nauyin. Amma tunda ka ce allo, ina zaton mai babban aji ce, SV ko SL.

Ka sa a ciro mataccen, ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa. Lambar tana farawa da 25915, kuma haruffan da ke biye su ne magana. Ka ɗauki hoton soket ɗin baya ma. Na 2011 da 2012 daban ne da na 2013 zuwa sama, mai sifikun Bose da kamara huɗu shi ma daban.

Sai katin taswira, wato ɗan katin memori da ake sokawa a jikin rediyon. Nan aka cuce ni. Wani mai kaya ya turo min daga Legas, ya ce ɗan Beljiyam ne, an gwada, lafiya lau. Ya iso ba kati a ciki. Na kira shi ya ce in sa katin tsohon nawa. Ashe kowane kati a ɗaure yake da rediyon da ya zo da shi, na wani ba ya buɗe na wani. Aka jona, allo ya kawo wuta, ya tsaya cak yana neman katinsa. Daga nan mutumin ya daina ɗaga wayata. Na tura saƙo, na haɗa shi da Allah, na sa wanda ya haɗa mu ya yi masa magana, ƙarshe cewa ya yi wai ni na ƙona. Mutumin da ke kira na Alhaji yana min addu'a kafin kuɗi su shiga! Abin da ya fi min ciwo ma, mai wayarin da ya ɗaura, da ya ga soket ɗaya bai zauna ba, kafin in dawo daga masallaci ya datse wayoyin motar da filaya ya naɗe da salatif. Na tsaya cikin rana ina kallon dashbod a buɗe, wayoyi na reto, maɓallan sitiyari sun daina aiki, yara sun tashi daga makaranta suna jira na, shi kuma yana ce min haka suke yi wa Corolla. Har yau ban yafe wannan datsar ba. Na dai bar shi da Allah.

Kada ka bari kowa ya yanke maka waya ko ɗaya. Kuma ka gargaɗi mai ɗaura maka kan wayoyi masu launin ruwan lemo, wutar babban batir ce, ta haura bolt 300, kisa take yi. Shi rediyo ƙaramin batir mai bolt 12 yake sha. Af, ka auna wannan ƙaramin batirin tukuna? Idan ya yi sanyi Leaf rikicewa take yi, ta riƙa nuna matsalolin da babu su. Ka duba shi da fiyus kafin ka kashe ko sisi.

Ka guji wanda aka ciro daga motar Japan, irin waɗanda ke biyowa ta Dubai. Rubutunsa na Japananci ne, kuma FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, ka ga Freedom da ke 99.5 ba za ka taɓa kamawa ba. Na Amurka ya fi mana, tashoshinmu na FM yawanci suna shiga, sai dai wajen neman tasha AM ɗinsa yana tsallen goma-goma, namu kuwa tara-tara ne.

Rediyo mai Android da za a yi ta tallata maka, waƙa za ka ji, amma da yawansu saitin lokacin caji tafiya yake yi. Ni kuwa da dare muke samun wuta mai ƙarfi, wannan saitin ba abin da zan iya rabuwa da shi ba ne.

A Ƙofar Ruwa da Panteka da wuya ka same shi a ajiye, motar ba ta yi yawa ba tukuna. Ni ta hannun wani mai shigo da motocin haɗari daga Amurka na dace, ya ciro min da katinsa a ciki, aka gwada a motata kafin in biya. Turo hoton lambar nan cikin gurup, zan tambayar maka shi.