Batirin waya a ƙasar ƙanƙara: kada a sa shi caji yana daskare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana zai tafi karatu Kanada a watan Janairu, kuma an ce min sanyin can yana kashe waya. Na saya masa fawa-banki mai 20,000mAh a Adum. Zai yi masa amfani, ko na yi asarar kuɗina? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai shi lafiya, ya ba shi abin da ya je nema. Kuɗinki bai tafi a banza ba, sai dai akwai abin da za ki ja masa kunne a kai kafin ya tashi.

Batirin waya da na fawa-banki duk na litiyom ne. A cikinsa akwai wani ruwa da ƙwayoyin litiyom ke bi suna kai da komo tsakanin ɓangarori biyu. Kin ga yadda manja ke yin kauri a kwalba da safiyar hunturu, sai an kai shi kusa da murhu kafin ya zubo? Haka ruwan nan yake yi. Ƙwayoyin sai su riƙa tafiya da ƙyar, ƙarfin wutar ya faɗi. Batirin yana aiki ne a wajen bolt 3.7, idan ya gangara kusa da bolt 3 wayar kashe kanta take yi. Shi ya sa za a ga tana nuna kashi 40 ta ɗauke ɗif a tashar bas. Cajin yana nan, da ta ji ɗumi zai dawo. A sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, wanda ba baƙon abu ba ne a biranen Kanada irin Winnipeg ko Edmonton a Janairu, batiri da yawa kusan rabin ƙarfinsu kawai suke iya bayarwa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da nake so ki nanata masa shi ne caji. Batirin da sanyinsa ya kai ƙasa da sifili, idan aka tura masa wuta, litiyom ɗin ba ya samun shigewa cikin baƙin gawayin da ke karɓarsa, sai ya taru a kai ya zama ƙarfe. Wanda ya zama ƙarfen nan yawancinsa ya tafi ke nan, ƙarfin batirin ya ragu har abada. In aka maimaita, ƙarfen kan yi tsini kamar allura, ya huda siririn labulen da ya raba ɓangarorin biyu. Daga nan ne kumburi ke farawa, wani lokaci har da gobara. Caja mai sauri ta fi yin wannan ɓarnar. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Wayoyin zamani da yawa sukan ƙi karɓar caji in sun yi sanyi, amma fawa-banki mai araha ba kowanne ke da wannan kariyar ba.

Don haka wayar da fawa-bankin su zauna a aljihun ciki, kusa da jikinsa, kada ya bar su a jakar baya ko cikin mota su kwana. In ya shigo ɗaki da su a sandare, ya ba su awa ɗaya ko biyu su yi ɗumi da kansu sannan ya sa caji. Kada ya ɗora su kan na'urar ɗumama ɗaki don ya yi sauri, zafin da ya wuce digiri 45 shi ma illa ne.

Sai maganar jirgi: fawa-banki ba ya shiga akwatin da ake aunawa, a jakar hannu ake riƙe shi. A ma'aunin ƙarfin batiri da kamfanonin jirgi ke dubawa, naki 74Wh ne, iyakar da aka saba yarda da ita 100Wh ce, bai kai ba.

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin sanyi na kifi da kaji a Asafo. Tocilata mai caji ba ta daɗewa a ciki, wayata kuma tana yin gumi in na fito. Daga wani ɗan'uwa a Asawase.

Amsa: Ɗan'uwa, ɗakin nan yawanci digiri 18 ƙasa da sifili ne, ka ga kullum Kanada kake shiga ka fito. Gumin nan ne ya fi ba ni damuwa. Iskar Kumasi mai laima ce, da ta taɓa waya mai sanyi sai ta zama raɓa, a waje da kuma ciki, ta ci bakin caji da allon wayar a hankali. Ka bar ta a waje in da hali. In dole ne, ka sa ta a leda mai zif, kada ka buɗe sai ledar ta daina sanyi a hannu. Tocila kuwa, ka nemi wadda ake cire batirinta, mai amfani da batirin caji da ake kira 18650, ka riƙe biyu, ɗaya a aljihun ciki kana musanyawa, ka yi cajinsu a gida da dare. Batirin litiyom na AA wanda ba a caji, irin Energizer Ultimate Lithium, yana aiki har digiri 40 ƙasa da sifili, amma kada ka kuskura ka sa shi a caja.

Tambaya: An ce in batiri ya mutu, a kwantar da shi a firiza zai farfaɗo. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, don Allah kada ka yi. Sanyi ba ya maido da litiyom ɗin da ya ƙare, raɓa kawai za ka ƙara masa. In ya kumbura har ya ɗaga bayan wayar, ka daina caji yau ɗin nan, ka kai wa mai gyara ya canja shi.